Ƙofar Ɗanaudu Mai Faɗin Ranar Shuka

Duk wanda ya san Illo ta wajen fadama ya san shagon Ɗanaudu, kuma duk wanda ya san shagon, ƙofar ya fara sani kafin mai ita. Wannan bai taɓa damun Ɗanaudu ba. Hasali ma in ka yabi ƙofar, sai ka ga yana murmushi yana sunkuyar da kai, sai ka ce shi aka ce ya yi kyau.

Kafin ƙofar nan, maganar gaskiya, babu wani abin a zo a gani da ya taɓa yi. Ba mugu ba ne, ba ya ɗaukar na kowa, mutum ne dai wanda duk sana'ar da ya taɓa sai ta zame ta bar shi tsaye. Ya gwada bin masunta gulbin Kwara. Kwale-kwale na barin gaɓa ya rungume ƙafar mai tuƙi yana ta salati, sai da aka juyo aka sauke shi. Ya gwada kabu-kabu, yana kai fasinja Lolo ranar kasuwa, har ran da ya isa bakin kasuwa ya waiga ya ga ba kowa a bayansa. Matar da ya ɗauko tana can zaune cikin yashi da kwandon busasshen kifinta, tana jiran dawowarsa da baki cike da magana. Noma kuwa, a rufa asiri kawai. Ubansa da kansa ya karɓe fartanya daga hannunsa, ya ce ya koma inuwa ya zauna, gero zai fi samun lafiya. A majalisa in ana shawara ba mai tambayarsa komai, iyakaci a ce masa, "Ɗanaudu, matsa a zauna." Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, dariya kawai yake rufewa da ita.

Filin da ya gina shagon gadon wani kawunsa ne, kuma duk dangi ba wanda ya yi jayayya da shi a kai. Da mai lura ne, da wannan kaɗai ya ishe shi tunani. Baƙar laka ce. Da rani sai ta bushe ta tsattsage, tsaga har 'yan tsaki na faɗawa ciki uwarsu na zagayawa tana kuka. Da damina kuwa ta koma ɗanƙo, in ka taka ta riƙe takalmin ta sallame ka kai kaɗai. Magini ya ce a zurfafa harsashi tunda ƙasar ba ta da amana. Ɗanaudu ya ce, "Shago nika so, ba rijiya ba." Magini ya ɗaga kafaɗa, ya ɗan yaga ƙasa, ya jera bulo.

A ƙofar ne Ɗanaudu ya nuna shi ma mutum ne. Har tsallaken iyaka ya je, cikin ƙasar Benin, ya sayo ta ƙarfe mai shuɗin fenti da tauraro a tsakiya. Ya ɗoro ta a amalanke, kuma bai biyo gajeriyar hanya ba, sai da ya ratsa da ita ta gaban masallaci da majalisa, don kada wani ya ce bai gani ba. Ya zuba sukari da gishiri da sabulu da garin kwaki, ya zauna ya zama mai shago.

Daminar farko, wata safiya ya murɗa makulli ya tura, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sa kafaɗa, shiru. Ya ja baya ya kai mata shuri, babban yatsansa ya kumbura har ya koma yin sallah a zaune. Ya ce wa matarsa Sailuba lallai sammu ne, maƙiya sun ga ya samu. Sailuba ta ce, "Malam, mi ka samu?" Duk daminar nan ta taga yake shiga, ta taga yake fita, ta taga yake miƙa wa mutane sabulu. Da kaka ta wuce ƙasa ta bushe, wata rana ya jingina da ƙofar yana hira, sai ga shi kwance cikin shago. Ya kira mai walda ya rage mata gindi. Da rani ya yi nisa sai gibi ya buɗe a ƙasanta, kajin unguwa suka mai da shagon gidan biki. Damina na dawowa ta sake kamawa, wannan karon ta kusurwar sama.

Sambo ne ya fara gane abin. Sambo abokin Ɗanaudu ne tun suna yawo ba wando, siririn mutum marar hayaniya, mai 'yar gona guda a kan tudu. Manoman wajen suna da ciwon da ke cin su duk shekara. Ruwan farko ya sauka ya jiƙa fuskar ƙasa, kowa ya ruga ya shuka, sai sama ta ɗauke, rana ta soye irin a cikin rami. Shekarar da ƙofa ta fara kamawa, zazzaɓi ya kwantar da Sambo, bai samu fita shuka ba sai ranar da Ɗanaudu ya fasa yatsa. Na kowa ya ƙone, nasa ya tsaya. Shekara ta biyu ya jira ƙofar da gangan, bai gaya wa kowa ba, geronsa ya sake tsayawa. Sai ya faɗa a majalisa, a hankali kamar yadda ya saba magana, cewa ƙofar Ɗanaudu ba ta kula ruwan ƙarya, sai ruwa ya ratsa ƙasa da gaske take kamawa. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Da damina ta uku ta kawo kai, masu dariyar ne suka fara cika benci.

To, daga nan rayuwar Ɗanaudu ta canza. Duk safiyar da aka tashi da ruwa, bayan sallar asuba, sai ka ga magidanta sun taru gaban shago da sungumi a kafaɗa. Shi kuwa gogan ba ya fitowa da wuri. Sai ya sa babbar riga, ya rataya makulli a wuya, ya taho yana taku ɗai-ɗai. Ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla, ya murɗa, ya tura da kafaɗa. In ta buɗe, ya juyo da fuskar ta'aziyya ya ce, "Ba ta kama ba." Jama'a su yi tsaki su zauna a sha shayi. Ranar da ta ƙi kuwa, sai ya sake turawa, ya kira Sambo ya tura, sannan ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ta kama!" Kafin ya sauke hannun wurin ya watse, kowa ya nufi gona.

Kai, abin ya yi nisa! Dandawan tsallake suna bugo waya su tambaya. Mata suna aiko da tambaya ko su shanya shinkafa. Wani har ya zo yana son jin wanda zai ci zaɓen kansila, Ɗanaudu ya ce ƙofarsa ba ta siyasa. Liman ma ya zo ya duba ko akwai abin da ya saɓa wa addini, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya ce shi bai ga shirka a ƙofar da ta ƙi buɗewa ba, ta makewayinsa ma haka take yi, sai dai ba mai zuwa tambayarta. 'Yan unguwa suka laƙaba wa Ɗanaudu Sarkin Ƙofa. Da wasa suka sa, shi kuwa da gaske ya karɓa. Mutumin da a da ake ce wa ya matsa, yanzu in ya doso majalisa shi ake matsa wa. In ya tuna haka yana kwance, sai Sailuba ta ji shi yana dariya shi kaɗai.

Sarauta kuwa da ƙiba take zuwa. Da kaka wannan ya kawo damin gero, wancan ya kawo kwanon shinkafa, matan Fulani su ajiye masa fura da nono. Ɗanaudu ya yi ta faɗi, taga kuwa tana nan yadda magini ya bar ta. Wata damina, ranar kasuwar Lolo, ya sa kai da kafaɗu ta taga kamar kullum, ciki ya ce nan zai tsaya. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Kansa na cikin shago yana kallon buhun gishiri, sauran jikinsa na waje yana fuskantar hanya, ga motocin kasuwa sai wucewa suke. Mutanen Illo kuwa ba sa wuce babba ba gaisuwa. Ana gaishe shi ta baya yana amsawa ta ciki.

"Sarki, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau! Ku kira mini Sailuba!"

Sailuba ta zo ta tsaya ta kalli abin da take aure, ta koma gida. Can sai ga ta da tukunyar miyar kuɓewa, wadda ta kaɗa don tuwon rana. Aka shafe shi da yauƙi tun daga haƙarƙari har ƙugu, ƙarti suka kama ƙafafu, Sambo na ba da umarni. Da suka finciko shi, bangon ya yi wata ƙara, bulo guda ya ɓalle daga saman taga ya faɗi daidai inda kansa yake yanzun nan. Dariya ta tsaya cak. Sai a lokacin mutane suka lura da tsagar da ta taso daga gindin bango har rufi, wadda Ɗanaudu ya daɗe yana rufewa da kalandar kamfanin taki.

Kafin la'asar hoton da wani ya ɗauke shi yana maƙale ya isa Birnin Kebbi, cikin wayar Hamdiyya, autar Ɗanaudu. Ita ta yi karatun injiniya, tana aiki da wani kamfanin gina hanyoyi, a ɗakin da ake gwajin ƙasa kafin a shimfiɗa kwalta. Abokan aikinta ne suka nuna mata suna dariya, ba su san ubanta ba ne. Ta gane shi da wandon. Ranar Asabar sai ga ta a Illo.

Ta cire kalandar, ta zura hannu cikin tsagar har gwiwar hannu, ta gaisa da wata maƙwabciya ta waje. Sannan ta zaunar da ubanta a kan benci. Ta ɗebo busasshiyar lakar gindin shagon ta daka, ta zuba a kofin gilashi. Ta zuba garin kwaki a wani kofin, ta tsiyaya wa kowanne ruwa.

"Baba, duba nan. Ka san yadda garin kwaki yake in ya sha ruwa?"

"Awo. Shina tashi."

"To ita ma wannan lakar haka take. Ƙwayoyinta sun fi garin tuwo laushi, kuma falle-falle suke, wani kan wani. Ruwa yana shiga tsakaninsu ya buɗa su, sai ƙasar ta kumbura. Ba kowace laka ke yin haka sosai ba, yumɓun da ake gina tukunya da shi kaɗan yake motsi. Amma irin wannan baƙar, in ta ƙoshi da ruwa tana iya ɗaga gini, in ta bushe ta sake shi ya dawo. Ita ke lalata mana hanya a fadama. Shagonka duk shekara ɗaga shi ake yi a ajiye, shi ya sa bakin ƙofar ke karkacewa ya matse ta. Wata rana ba ƙofa za ta kama ba, rufin ne zai sauko."

Ɗanaudu ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Ya leƙa kofin laka, ya ga lallai ta haura inda take. Sannan ya jawo kofin garin, ya ce bayani ya yi daɗi, a miƙo masa sukari.

Hamdiyya ta ce za ta rushe shagon da rani, a kwashe lakar, a sake gini. Ta kuma faɗa masa ƙarara, ba ta ɓoye ba, cewa in an gyara ƙasar, ƙofa ba za ta ƙara kamawa ba. Ya dube ta da tausayi. Yarinya ta yi karatu, Allah ya sa albarka, amma boko bai san komai a kan baiwa ba. Ƙasa tana da hannu ne da za ta riƙe ƙofa? Ƙofa dai ita ce mai abin, tun daga tsallake ta zo da kayanta, shi ya san wahalar da ya sha kafin ya zaɓo ta cikin 'yan'uwanta. Da farko ya ce ba mai taɓa masa shago. Sailuba ta ce to madalla, amma ya sani daga yau ta daina kaɗa kuɓewa, in ya sake maƙalewa sai dai ya jira kaka. Ya auna maganar.

"Auta," ya ce, "ki yi abin da kika so da ƙasa, taki ta. Ke dai ki maido mini ƙofata inda kinka ishe ta."

"Zan mayar, Baba. Amma na gaya maka."

"Na jiya. Allah shi yi miki albarka."

Aka yi aiki da rani. Aka haƙe lakar har sai da rami ya shanye tsayin mutum, wato rijiyar nan da ya ƙi tun farko. Tifa ta yi ta juye marmara, ana yayyafa ruwa ana bi da wani inji mai tsalle yana daɓewa. Aka zuba harsashi da rodi, aka zagaye ginin da daɓen siminti mai gangare don ruwa ya gudu nesa da bango. Sailuba ta sa baki aka gitta wa taga ƙarafa. Shi Ɗanaudu duk wannan bai dame shi ba. Ƙofarsa ya kai ɗakin kwanansa ya jingine, yana goge ta da tsumma, har ranar da aka mayar da ita ya ga tauraronta na kallon hanya kamar da.

Damina ta zo. Ruwan farko, ƙofa ta buɗe, ba wanda ya yi mamaki. Na biyu ma haka. Aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwaɗi suka cika fadama da kuka, ciyawa ta rufe bakin hanya. Ɗanaudu ya fito da babbar riga, zuciyarsa fes, ya ce yau kam yau ce. Ya ja baya ya kai mata kafaɗa da duk nauyinsa. Ƙofa ta buɗe ko ƙara babu, ya wuce da gudu ya rungumi buhun gishiri. Ya taso yana kakkaɓe riga ya ce, "Ba ta kama ba."

Haka aka yi ta yi. Ruwa na zuba, ƙofa na buɗewa, har iska ma in ta kaɗo tana buɗe ta. Wani direba da ya biyo ta Kende ya tsaya sayen sabulu, ya ce can gero har ya rufe idon sawu, ku nan me kuke jira? Aka ce ƙofa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga motarsa. Ɗanaudu ya zagaya bayan shago ya buga wa Hamdiyya waya, yana magana ƙasa-ƙasa, ya tambaye ta ko akwai wani abu da ta manta ba ta mayar ba.

"Baba, ba abin da na manta. Lakar ce ke yi, kuma lakar tana can bayan gari inda tifa ta zubar. Ba ku yi shuka ba har yanzu? Don Allah ka fita ka gaya musu!"

Ya ce to. Bai fita ba. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙaura. Ya san abin da zai faru in ya faɗa. Za su ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri, su tashi da sungumansu, kuma ba za su sake zama a bencin nan suna jiran fitowarsa ba. Ya ga kansa ya koma ƙarshen tabarma ana ce masa ya matsa. Tsoron wannan ya fi masa tsoron gulbi. Kuma ga shuka na wucewa, shi ya sani, ko bai iya noma ba yana da ido.

Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da sai shi. Tunda ƙofa ta manta aikinta, zai tuna mata. Da aka sallame asuba bai tsaya addu'a ba, ya zame ya koma gida. Sailuba ta dama kunun tsamiya, ya shanye kwano guda a tsaye don ya sami ƙarfin zuciya, ya ga bai samu ba, ya ƙara wani. Ya zari guntun icce daga murhunta ya soke a aljihu. Tsarin mai sauƙi ne. Ya shiga shago, ya tokare ƙofar ta ciki, ya fita ta taga, ya zagayo da babbar riga kamar yanzu ya iso. Ya shiga, ya rufe, ya cusa iccen a gindin ƙofa, ya bubbuga shi da dutsen awo har ya zauna daram. Ya ja ya ji ko motsi babu. Ya yi hamdala, ya tattare riga, ya juya wajen taga, sai ga ƙarafan Sailuba suna kallonsa.

"Innalillahi," in ji Ɗanaudu.

Kafin ya yi wani tunani ya ji takun mutane da gaisuwa. Ba yadda zai yi, ya manna fuska a ƙarafan kamar wanda alƙali ya tsare, ya ƙwala, "Ta kama! Na yi sammako in ɗauki abu, ta kama da ni ciki!" Aka tura, aka ji gam. Aka yi kabbara, aka yi masa barka, wani ya ce Sarki ya daɗe. Murnar dai ta ɗan yi yawa, kuma ta ƙare da wuri. Nan da nan wurin ya watse, ba wanda ya tsaya tambayar yadda za a fito da shi. Ya ce a ransa hakan ma ya fi, bari su yi nisa ya zare iccen. Ya leƙa, sai ya ga mutum guda zaune a kan benci, ya jingine sungumi a bango.

"Sambo, ba ka tahi ba?"

"Ina nan."

Daidai nan kunun tsamiya ya fara gabatar da kansa. Cikin Ɗanaudu ya yi wani juyi, ya ba da ƙara mai tsawo. Ya dafe buhun sukari. Ya ce wa Sambo rana na yi, ya hanzarta. Sambo ya ce ba sauri. Ɗanaudu ya zagaya shago, ya zauna, ya miƙe, ya tsaya da ƙafa ɗaya, gumi na tsiyaya ta gemu. Ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Can Sambo ya yi magana, bai ko juyo ba.

"Ɗanaudu, shekara nawa nika tura wagga ƙofa tare da kai? In ta kama, ta sama taka kamawa, kuma tana nishi. Yau ta ƙasa ta riƙe, kuma shiru."

Ɗanaudu ya ƙara matse ƙafafu. Cikinsa ne ya amsa.

"Waɗanga da sunka yi kabbara, duk sun yi shuka tuni. A ɓoye sunka yi, kowa na zuba iri aljihu shi ce za shi duba akuya. Suna zuwa nan da sahe don kada ka ji kunya. Ni ɗai na rage. Irina kwano guda na, ba ni da na shuka biyu. Kuma ni na fara faɗin maganar ƙofar ga a majalisa, in na bi bayanka na shuka, na mai da kai maƙaryaci, na mai da kaina. To ga ni. Kai nika tambaya, ba ƙarfe ba. In ka ce ta kama, yanzu in tashi."

Da zai iya cewa ta kama. Kalma biyu ce, kuma Sambo zai tashi ya tafi, ba zai taɓa tayar da zancen ba har abada, Ɗanaudu ya san halin abokinsa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne sauran maganar. Duk safiyar da ya fito yana taku ɗai-ɗai yana cewa ba ta kama ba, mutum guda ne kawai ke komawa gida ya ajiye sungumi da gaske. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da aka shafe shi da kuɓewa a bakin hanya.

Ya durƙusa ya kama iccen. Ya ƙi fita, don da zuciya ɗaya ya buga shi. Ya sa dutsen awo ya doke shi ta gefe, ya fita fit. Ƙofa ta buɗe a hankali, ba ƙara. Ɗanaudu ya fito a guje, riga a hannu, ya wuce Sambo kamar an koro shi, yana ihu, "Jira ni! Kada ka tashi! Don Allah jira ni!" Ya sha kwanar gida, kaji na watsewa.

Sambo ya jira. Da Ɗanaudu ya dawo, ya rame kaɗan, ya ɗauko iccen ya ajiye a kan benci tsakaninsu.

"Ba ta kama ba, Sambo. Ni na kama ta. Ba ta ƙara kamawa kuma, Auta ta gaya mini tun rani, na ƙi ji. Ka makara, kuma ni na makarar da kai. Tashi mu tahi."

"Mu tahi ina?"

"Gona."

Sambo ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce gonar ba ta yi masa laifin komai ba. Amma Ɗanaudu ya riga ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofar, ya karɓi ƙwaryar iri. A ranar, mutanen Illo suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Sambo na gaba yana sara da sungumi, Sarkin Ƙofa na biye yana jefa iri yana rufewa da diddige, yana haki kamar zai shiɗe. Sambo na ta waiwaye yana cewa ya rage nauyin ƙafa, shuka ake yi ba daɓe ba. Bai je inuwa ba har suka kai ƙarshen gonar. Ya koma ranar noman farko, ya koma ranar maimai, ya sare gero da yawa a zaton ciyawa ce, Sambo ya haƙura.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Na waɗanda suka shuka a ɓoye ya riga ya nuna. Na Sambo yana cikin fitar da kai sama ta bushe, rabin zangarniyar ba ƙwaya. Ba wanda ya ce wa Ɗanaudu komai, Sambo ma bai ce ba, kuma da ya ce da ya fi sauƙi.

Ranar da aka ɗaure dammuna, Ɗanaudu ya rantse ba amalanke ba jaki, shi zai kai su rumbu da kansa. Ya naɗa gammo, aka ɗora masa, ya kai ya dawo, ya kai ya dawo. Ya sake dawowa ya sunkuyar da kai a ɗora masa, sai Sambo ya ce shi ke nan, sun ƙare. Ɗanaudu ya ɗaga ido ya duba gonar, ya duba rana, ko hantsi bai gama yi ba. Ya zauna a kan kunyar gona da gammon a kansa, ya yi ta kuka, Sambo na tsaye yana ce masa ya tashi mutane na kallo.